Rigar Hunturu a Watan Yuni

Yuni ya kama a Middleham.
Dawakin barga duk sun tuɓe rigar sanyi,
jikinsu na sheƙi kamar an shafa man shanu,
sai Clover kaɗai
ta ƙi cire tata.
Gashi ya yi tsawo, ya murɗe kamar na tunkiya,
zufa na tsattsafowa ƙarƙashinsa tun kafin hantsi.

Na ce tsufa ne.
Shekara ashirin da uku ba wasa ba.
Haka na faɗa wa Misis Alderson,
ta gyaɗa kai, don dama abin da take son ji ke nan.

Amma ni ke ɗaukar bokiti.
Da, uku take sha; yanzu biyar ba sa isa.
Ni ke kwashe shimfiɗar da ta jiƙe sharkaf da asuba.
Gadon baya ya lotsa, ciki ya sauko,
ramin saman idonta ya cike da kitse.
Ran Laraba ta miƙe ƙafafun gaba,
ta mai da nauyinta baya
kamar mai tsoron taka garwashi.
Na dafa kofaton. Zafi rau.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Dokta Fenella Raine ta iso
a motar da laka ta rufe wa lamba.
Ta cusa yatsu cikin gashin, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ce: a gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka,
ba ta kai goro ba,
ita ke aika saƙo ta cikin jini.
Ta Clover ta kumbura, ta daina jin "ya isa",
aike take yi dare da rana
har manzannin na karo da juna a hanya.

Allura a jijiyar wuya.
Ƙaramar kwalba ta kwanta cikin ƙanƙara.
Ta rubuta kwanan wata da manyan baƙaƙe,
wai lambar kan hau da kanta idan kaka ta shigo,
ko a lafiyayyen doki,
ba a auna Yuni da mudun Satumba.

Kwana huɗu muka jira.
Waya ta yi ƙara ina tsakar shara.
"Ba ya warkewa," in ji ta,
"amma ana zama da shi."

To, mun zauna.

Ƙwaya ɗaya kowace safiya, ruwan hoda,
ba ta fi wake ba.
Na huda karas na ɓoye ta ciki.
Ta tauna, ta dube ni, ta tofo ƙwayar a kan takalmina.
Mako na biyu ta juya wa kwano baya,
ta tsaya a lungu kamar wadda aka yi wa rasuwa.
Likita ta ce a raba ƙwayar biyu, a hau da sannu.

Na aske ta. Buhu biyu ya cika,
tsuntsaye suka kwashi saura zuwa sheƙa.
Busasshiyar ciyawa sai ta sha jiƙo a baho
zaƙinta ya fita.
Ga fili kore shar har bakin katangar dutse,
ga takunkumi a bakinta.
Wannan ne ya fi ci mini rai.
Wilf Metcalfe na zuwa da magagari duk mako biyar,
yana gyaran kofato yana yi mata hirar ruwan sama.

Ni ma ina da tawa ƙwayar, ta ciwon sukari.
Tawa a aljihun hagu, tata a na dama.
Ƙarfe shida muke sha, babu mai yi wa wani gori.

Jinin da aka sake ɗiba ya nuna lamba ta sauko.
Bokiti ya koma huɗu.
Jiya na buɗe ƙyaure, ta ture ni da kafaɗa,
ta yi sassarfa, taku goma sha ɗaya,
na ƙirga,
sannan ta tsaya tana neman karas a aljihun dama.